Zuwa ga ƙanwata da ta tambaya ko dole ne ta yafe wa wanda bai tuba ba

Ƙanwata cikin Almasihu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Tun da a gaban jama'a kika yi mini tambayar, a gaban jama'a zan amsa, domin ba ke kaɗai ke ɗauke da wannan nauyi ba. Kin ce wani ɗan'uwa a ikkilisiya ya ci amanarki. Kin ba shi ajiyar kuɗi ya cinye, da kika yi magana ya musa, ya kuma bi mutane yana ɓata miki suna. Dattawa suka kira ki, suka ce ki yafe, ki manta, ki koma hulɗa da shi kamar dā, tun da ke ma alheri aka yi miki. Shi kuwa ko kiransa ba a yi ba. Tambayarki ita ce: wajibi ne ki yafe wa wanda bai tuba ba? In kuma kin ƙi sake yarda da shi, kin fita daga alherin Allah ke nan? Kin ce tun daga ranar ba ki ƙara cin Jibin Ubangiji ba.

Ki yafe masa, ƙanwata, ba zan ɓoye miki wannan don in faranta miki rai ba. Amma sake ba shi amana wata magana ce dabam, kuma Littafi Mai Tsarki bai ɗora miki ita ba. Dattawan sun haɗa abubuwa biyu wuri guda suka aza miki a ka.

A Matiyu 18, Bitrus ya tambayi Yesu ko sau bakwai ya isa mutum ya yafe wa ɗan'uwansa. Yesu ya ce masa ba sau bakwai ba, bakwai har sau saba'in. Sai ya ba da misalin bawan da sarki yake bi talanti 10,000. Dinari guda shi ne ladan ma'aikaci na yini ɗaya a wancan zamani, talanti guda kuwa wajen dinari 6,000 ne. Wato bashin ya kai ladan yini miliyan 60. Da bawan ya ce a yi masa haƙuri zai biya duka, bai ma san girman abin da ake binsa ba. Sarki ya ji tausayinsa, ya yafe masa tas. Fitarsa ke da wuya ya gamu da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya, ya sa aka kulle shi.

Ki lura, Yesu bai ce dinari 100 ba komai ba ne. Gumin sama da wata uku ne, duk wanda aka cinye masa haka zai ji zafi. Ubangiji bai raina ciwonki ba, ni ma ban raina ba. Ya dai ajiye shi kusa da namu bashin, wanda ba mu da hanyar biya. Bulus ya ce a Romawa 5:8, tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Allah bai jira mu shiryu ba kafin ya miƙo hannu. Wanda ya san da haka aka karɓe shi ba ya iya riƙe wuyan wani yana jiran ranar ramuwa. Tun a Farawa 4 Lamek ya yi fariya cewa ramuwarsa sau saba'in da bakwai ce. Yesu ya ɗauki wannan lissafin na masu ramuwa ya mayar da shi lissafin gafara.

To, mene ne yafewar da ake nema daga gare ki? Ki saki haƙƙin ramawa ki bar wa Allah, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce. Ki daina yi masa fatan halaka, ki daina ɓata nasa sunan don ya ɓata naki, ki kai sunansa gaban Allah cikin addu'a ko da bakinki na yi miki nauyi. Wannan kina iya yinsa ke kaɗai, ko ya tuba ko bai tuba ba. A kan gicciye Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara, ba wanda ya ba shi haƙuri tukuna. Istifanas ya yi haka ana jifansa da duwatsu, a gefe kuma ga wani saurayi mai suna Shawulu da aka ajiye tufafin masu jifan a gabansa. Saurayin nan ne ya zama manzo Bulus.

Maganar mantawa da komawa kamar dā kuwa, a nan na saɓa da dattawanki. Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai bayan shekara fiye da 20 suka tsaya a gabansa a Masar suna neman hatsi. Ya cika musu buhuna, ya mayar musu da kuɗinsu, ya juya ya yi kuka a ɓoye. Zuciyarsa ta riga ta sake su. Duk da haka bai bayyana kansa nan take ba. Ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun ƙanensa Biliyaminu, don ya gani ko mutanen da suka sayar da ƙane ɗaya za su sake watsar da wani. Sai da Yahuza, ɗaya daga cikin 'yan'uwan, ya ce a riƙe shi bawa a madadin yaron, sannan Yusufu ya fashe da kuka ya ce, ni ne Yusufu. Ko a Farawa 50, bayan rasuwar mahaifinsu, bai ce ba abin da ya faru ba. Ya faɗa musu cewa mugunta suka nufe shi da ita, Allah ne ya juya ta zuwa alheri.

Bulus ma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya ambaci Iskandari maƙerin tagulla wanda ya cuce shi ƙwarai. Ya bar sakamakonsa ga Ubangiji, sannan ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya ya ja da baya, ba rashin bangaskiya ya yi ba. A zamaninmu, Paparoma John Paul na biyu ya yafe wa Mehmet Ali Agca da ya harbe shi a watan Mayu na 1981, ya je har kurkuku ya zauna da shi a 1983. Mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har shekara ta 2000. Gafarar gaskiya ce, shari'a kuma ta yi aikinta.

Dattawana, ku gafarce ni, ku ma ina da magana da ku. Surar nan ta Matiyu 18 da kuka karanta wa yarinyar nan, ayoyi na 15 zuwa 17 sun zo kafin misalin bawan. A can Yesu ya ce a je wurin mai laifi a nuna masa laifinsa, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai maganar gaban ikkilisiya. A Luka 17:3 ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Ta yaya aka tsallake wannan duka aka kira wadda aka cuta ita kaɗai? Na san rarrashin mai rauni ya fi sauƙi a kan fuskantar mai baki, amma wannan ba zaman lafiya ba ne. Shi kansa mai laifin kun cuce shi, domin kun rufe masa ƙofar tuba. Da ceto ya shiga gidan Zakka, da bakinsa ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Alherin da ba ya sa mutum ya mayar da abin da ya ci, ba shi Yesu ya koyar ba. Tawali'un da kuke nema a wurinta, ku fara nuna shi ta wurin komawa ku ce mata ba ku yi mata adalci ba.

Ke kuma, ƙanwata, akwai tarkon da ke jiran wanda aka cuta, shi ne ya fara ganin kansa adali don kawai wani ya fi shi laifi. Ki tsare zuciyarki daga wannan. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, Yahuza Iskariyoti na cikinsu, Bitrus da zai yi musunsa sau uku na cikinsu, ya kuma san abin da kowannensu zai yi. Bin sa ke nan, kuma ba wanda ya ce da sauƙi. Fushin zai dawo. Za ki yafe yau, gobe ki hango shi a cikin sujada zuciyarki ta tafasa. Wannan ba ya nufin jiya ƙarya kika yi. Ki sake miƙa shi ga Allah, jibi ma haka. Ina ganin yawancin bakwai har sau saba'in ɗin nan a kan laifi guda muke yinsa.

Ki samu 'yan'uwa biyu masu tsoron Allah waɗanda ba sa tsoron mutum, ku je wurinsa, ki faɗi abin da ya yi ba ƙari ba ragi, ki nemi ya mayar da kuɗin ya kuma gyara abin da ya faɗa a kanki. In ya tuba, ki karɓe shi da zuciya ɗaya, yarda kuwa ta dawo a hankali gwargwadon abin da kika gani. In ya ƙi, kina da damar neman haƙƙinki ta hanyar da ta dace, ba da ƙiyayya ba. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinki, ki yi zaman lafiya da kowa. Naki ɓangaren aka tambaye ki, ba nasa ba.

Jibin Ubangiji kuwa, ki koma. Ba ki fita daga alheri ba, domin tun farko ba da aikinki kika shiga ba, kyautar Allah ce kamar yadda Afisawa 2:8 ta faɗa. Ki auna zuciyarki, ki faɗa wa Ubangiji fushin da ya rage a cikinta, ki ci. Zan ci gaba da yi miki addu'a, shi ma ɗan'uwan zan yi masa.

Yayanki cikin Ubangiji.