Yankan Filaye da Hayaƙin Ababen Hawa a Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama in ce wani abu game da hayaƙin babura da motoci a Damagaram, wanda galibi ake ɗora laifinsa a kan tsufan inji ko gurɓataccen mai, alhali yadda ake yanka filaye yana da babban kaso a ciki.

A Birni da Zango, unguwannin da suka kafu tun kafin a mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926, gidaje a manne suke da juna, masallaci da makarantar allo da mai tebur duk suna lungu ɗaya, kuma mazaunin Zango yana iya takawa da ƙafarsa zuwa Kasuwar Dole. A sabbin unguwannin bakin gari kuwa, sai a yanka filaye a rabar, mutane su gina su tare, ba kasuwa, ba makaranta, ba ɗakin shan magani kusa. Maigida zai ɗora yara uku a kan babur da safe, ya koma ɗauko su da rana, uwargida kuma ta tsayar da ɗan kabu-kabu don cefanen da bai wuce tattasai da albasa ba, shi kuma sau da yawa ya juyo babu fasinja.

Kowace litar mai da aka ƙona tana fitar da iskar kabon fiye da kilo 2, kuma hanyar rairayi ta fi kwalta shan mai, domin injin yana ta gurnani a ƙaramar giya. Lokacin hunturu hayaƙin yakan haɗu da hazo, masu ciwon ƙirji su ne suka fi jin jiki. Matatar SORAZ, da ta fara aiki a 2011, ta kusanto mana da mai, amma ba ta rage nisan gida da kasuwa ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin birni da kada su amince da sabon yanka sai an keɓe filin kasuwa da makaranta da asibiti, kuma a hana sayar da su daga baya. Haka nan a matsa wa masu kangaye a tsakiyar gari su gina ko su sayar, kafin a ƙara cin gonakin gero na ƙauyukan kewaye.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Zango, Damagaram