Wasiƙa zuwa ga Alhaji Sani kan zuwa sunan jikarsa

Tudun Wada, Zariya.

Aminina Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan uwa na nan Fatakwal. Barka da samun ƙaruwa. Allah ya raya amaryar taka, ya ba mai jego lafiyar shayarwa.

Ka tambaye ni ko ka zo suna ko ka haƙura, tunda likitocinka sun ɗora ka a kan magungunan da ke rage garkuwar jiki, ita kuma jaririyar ba a fara yi mata rigakafi ba. Ka zo, ka ɗauke ta, ka yi mata addu'a. Rashin allura ba ciwo ba ne. 'Yar kwana bakwai tana ɗauke da garkuwar da ta samo daga uwarta a watannin ƙarshe na ciki, ba ta kuma je ko'ina ba balle ta kwaso wani abu. Ba ita ce abin tsoronka ba a gidan nan.

Ka fara sanin matsayinka. Ka ce kana shan prednisolone miligiram 20 kullum fiye da wata guda, ga methotrexate sau ɗaya a mako saboda amosanin gaɓɓai. A ƙa'ida, babban mutum da ya kai miligiram 20 a rana har kwana 14 ana lissafa shi cikin masu raunin garkuwa sosai. Ko an sauke maka adadin gobe, jiki ba ya dawowa nan take, sai ya ɗauki kamar wata guda.

Abin da zai ba ka mamaki, jaririn da aka yi wa rigakafi ya fi bukatar ka yi hattara da shi a kan wanda ba a yi wa ba. A tsarin ƙasar nan, da haihuwa ana yin BCG ta tarin fuka, da allurar ciwon hanta, da ɗigon shan inna a baki. A mako 6 da 10 da 14 a sake ɗigon, tare da na cutar gudawa ta rota wanda aka shigar cikin tsarin a 2022. Waɗannan ɗigon biyu ƙwayar cuta ce mai rai da aka karya wa lago. Tana hayayyafa a hanjin yaro, ta riƙa fita a kashinsa, ta rota har mako huɗu, ta shan inna kuwa har mako shida. Don haka kunzugu da fo da ruwan wankin zannuwan goyo ba naka ba ne. In ta ɓata maka riga kana riƙe da ita, ka miƙa ta, ka cire rigar, ka wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu na daƙiƙa 20, har da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Man goge hannu na kwalba bai kai sabulu ba a wannan wurin. Butar da ake yi wa yara tsarki da ita kuma kada ka yi alwala da ita, a ware maka taka. Duk yaron da ka gani da shuɗin alama a ƙaramin yatsa, masu bi gida-gida sun ɗiga masa kwanan nan, hukuncinsa ɗaya. Wurin BCG kan yi ƙurji ya fashe bayan 'yan makonni. Kada ka taɓa ruwan.

Amma fa kada wani ya ce a jinkirta mata rigakafi don Alhaji zai zo. Ta haihuwar ma ta riga ta makara, a kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa cikin makon nan. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai karɓar maganin ciwon daji, ko mai karɓar rituximab, wani magani mai danne garkuwa sosai, shi ne aka fi cewa ya ɗan ja jiki daga yaron da aka ɗiga wa na tsawon makonnin nan shida.

Inda hatsarin yake shi ne yayyenta da yaran maƙwabta da za su cika tsakar gida. Ƙyanda ce kan gaba, ga shi muna shiga bazara, lokacinta ke nan. Ba a yin allurarta sai yaro ya kai wata 9, ta biyu a wata 15, garkuwar uwa kuwa takan ƙare kafin nan. Yaro yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙurajen su fito da kwana huɗu bayan sun fito, ƙwayar kuma takan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita. Wato kafin kowa ya gane, an riga an shaƙa. Alamar farko zazzaɓi, majina, tari da jan ido. A jikin mai raunin garkuwa takan iya zuwa ba ƙurji ko ɗaya, ta wuce kai tsaye huhu ko ƙwaƙwalwa. Ka san halin mutanenmu, yaro mai baƙon dauro a ƙuryar ɗaki ake ɓoye shi, ba mai faɗa. Ka sa Hajiya ta tambayi matan gidan ƙiri-ƙiri kafin ka taso, su ne suka san gaskiya.

Sai ƙarambau, wadda ba ta cikin alluran gwamnati, don haka katin yaro ko ya cika bai kare shi daga ita ba. Tana yaɗuwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen, har sai duk sun bushe sun yi ɓawo. In ka tabbata ka yi ta kana yaro, da sauƙi.

In har ka zauna ɗaki ɗaya da yaron da daga baya ƙuraje suka feso masa, kada ka jira ka ga alama. Ka je Asibitin Koyarwa na Shika ranar da ka ji, da katinka da kwalayen magungunanka a hannu. Akwai wa'adi. Ga ƙyanda, allurar garkuwa da ake tacewa daga jini tana amfani ne cikin kwana 6 da haɗuwa. Ga ƙarambau, ana fara ba da aciclovir a kwana na 7, a sha mako guda. Ita allurar ƙyanda kanta, da ta shawara, ba a yi wa irinka, don masu rai ne.

Ranar suna, zauna a fili ko zaure mai iska, ɗakin mai jego kuwa ka shiga da sassafe kafin mata su cika shi, minti goma sun isa. Takunkumi a aljihu, in ka ji tari kusa ka sa. Kwanon sha da cokali naka daban.

Ita ma yarinyar tana da haƙƙi a kanka. Prednisolone yana iya tayar da tarin fuka da ya daɗe kwance a jiki. In kana tari fiye da mako biyu, ko gumin dare, ko rama, a gwada majinarka kafin ka kusance ta. Cibiyar tarin fuka ta Saye na nan in sai ka iso. In wasu ƙuraje masu zafi suka fito maka a jere a ɓari ɗaya na jiki, ruwansu na sa wa jariri ƙarambau, sai a rufe su, kai kuma ba ɗauka. Mura ko ƙurjin leɓe ma haka. Tauna dabino a sa mata a baki, da tofi a fuska, a bar su wannan karon. Addu'a daga nesa kaɗan ta wadatar. Jaririn da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti ne a daren, ba jiƙo ba.

Kai ma ka sayi ma'aunin zafi. Maganin naka yana danne zazzaɓi, ciwo ya yi nisa kana jin kasala kawai. Da ka ga 38 ka nemi likita, kada ka ce maleriya ce ka aika kemis. Abin da na fi jiye maka shi ne a ba ka Septrin: haɗuwarsa da methotrexate na iya durƙusar da ɓargo ya daina yin jini. Kada kuma ka yanke prednisolone da kanka don ka ƙara ƙarfi kafin tafiya, tsayar da shi farat ɗaya na iya faɗar da hawan jini har mutum ya suma. Ka taho da abin da zai ishe ka har da ƙarin mako guda, ka kulle shi a jaka, don ƙwayoyin methotrexate ƙanana ne, yara kuma ba su bar komai ba.

Ka sanar da ni ranar da za ka taso. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Malam Garba