Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Tsofaffin Motocin Fowil

Assalamu alaikum, shugaba da dattawan ƙungiya da sauran 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda tsarinmu ya tanada, ga bayanin abin da muka yi da abin da ya gagare mu a shekarar da ta ƙare. Na rubuta shi ne a matsayin sakatare, kodayake kowa ya san cewa tun da ma'ajinmu ya yi ƙaura, karɓar kuɗin wata ma ya dawo wuyana ba tare da na nema ba.

Da kuɗin zan fara, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Na aika saƙo, na buga waya, har ta kai ina jin nauyin kiran wasu don gaisuwa kawai, saboda da sun ga lambata sai su ɗauka bashi na biyo. Cikin masu cewa hali ya matsa kuwa akwai waɗanda a wannan shekarar suka sa wa motocinsu sababbin tayoyi da fitilun kan rufi. Ba zan kama suna ba, a bar kaza cikin gashinta, amma littafin yana nan ga duk mai son dubawa.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, in ban da biyu da aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta.

Na san tambayar da ke bakin kowa ita ce ta motar ƙungiya, wato Land Rover Series IIA mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya da muka yi alkawarin za ta hau titi kafin ƙarshen shekara. Ba ta hau ba, kuma ina roƙon a saurari dalili kafin a ce kwamitin gyara ya yi barci. Lokacin da muka ɗauki alkawarin, bodi muka duba, shi kuwa bodin Land Rover tun daga ta farko a 1948 da alminiyom ake yin sa, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, don haka kyan ɗan maciji gare shi. Shasin da ke ƙarƙashi ƙarfe ne mai rami a ciki, laka da ruwa su shiga su kwanta, tsatsa ta cinye shi daga ciki alhali fenti na nan lafiya lau a waje. Da muka ɗage bodin muka bi shasin da guduma, sai ga shi ƙarfen da ya gitta ta baya ya zama garin tsatsa, hannuwan da ke riƙe da bangon gaba sun huje, ɗaya daga cikin maratayan sifirin kuma yana motsi da hannu. Shi kansa bangon da ke tsakanin injin da direba na ƙarfe ne, kuma wurin ajiye ƙafa ya ruɓe a ɓangarori biyu. Duk inda alminiyom ya daɗe manne da ƙarfe mun tarar da farin gari, alamar ƙarfen biyu sun ci juna.

Hanya biyu ce a gabanmu: ko a yanke a yi faci, ko a sayi sabon shasi wanda aka tsoma a ruwan tutiya. Ta biyun ta fi ƙarfin asusu nesa ba kusa ba, ta farkon kuma tana buƙatar injin walda da babban taron bara ya amince a saya, wanda kuɗinsa bai taru ba saboda dalilin da na faɗa a sama. Wani ɗan uwa ya ba da shawarar a ari ƙaramin inji a liƙe wuraren ko ta yaya, kwamiti ya ƙi, kuma ina goyon bayan kwamiti, domin maratayar sifirin ce ke ɗauke da aksil, idan ta ɓalle a kan gudu ba a maganar gyara. Duk da haka ba a zauna ba. An wanke injinta mai lita 2.25, an daidaita ratar bawul a kan inci 0.010, an tashe shi ya yi aiki, sannan aka ƙulle kowane rukunin ƙusoshi a leda da rubutu a jiki.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne ranar gyaran birki da muka yi a gidan mataimakin shugaba. Motoci shida suka zo, kuma a karon farko matasan da suka halarta sun fi dattawa yawa. Kafin a taɓa sifana, shugaban kwamiti ya tsayar da kowa ya tuna mana cewa birkin hannu na Land Rover Series a bayan giyabos yake, ba a tayoyi ba, saboda haka da zarar an ɗaga tayar baya ɗaya mota na iya gangarawa. Aka datse tayoyi da katako, aka ɗora kowace mota a kan ƙafafun ƙarfe, aka hana kowa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Babban aikin ranar shi ne Series III mai inci 109 ta ɗaya daga cikin dattawanmu, wadda ya shekara yana taka birkinta sau uku kafin ta tsaya, har ya mai da abin kamar ɗabi'ar motar. Da aka cire gangar birkin gaba sai aka tarar sil ɗin hob ya mutu, mai ya jiƙe takalman birki sharkaf. Aka canza sil da takalma da silindojin da ke yoyo, aka kuma canza tiyo na roba da suka tsattsage, aka zubar da tsohon man birki wanda ya yi baƙi. Nan ne shugaban kwamiti ya yi bayanin cewa man birki irin DOT 4 yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da mota ba ta fita ba. Fitar da iska ne ya ba mu wuya, domin mai inci 109 silinda biyu gare ta a kowace tayar gaba, kuma iska na maƙalewa a cikinsu. Sai da aka sassauta madaidaitan takalman gaba ɗaya aka sake bi taya bayan taya, sannan feda ya yi tauri. Da dattijon ya taka sau ɗaya motar ta tsaya cak, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sauko ya bi yaran da suka yi aikin ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka.

Masu Land Cruiser, waɗanda suka saba ƙorafin cewa ƙungiya ta zama ta Land Rover, su ma ba a bar su a baya ba. An kwance gwiwar aksil ɗin gaba ta wata FJ40 mai injin 2F na lita 4.2, aka wanke mahaɗin da ke ciki, aka sa sababbin sil da giris.

Da yamma muka fita gwaji a wata hanya mai rairayi da kwazazzabai. A nan ne wani ɗan uwa, wanda ya daɗe yana cewa fowil ɗinsa ya lalace, ya gano cewa hob ɗin tayoyin gabansa irin na kullewa da hannu ne, kuma bai taɓa kulle su ba tun da ya sayi motar. Da aka murɗa su ya danna ƙulli mai ruwan ɗorawa da ke sa fowil, motar ta haye tudun da ta kafe a kai kamar ba ita ba. An yi dariya, amma an ƙaru, domin a wurin aka nuna wa sababbi cewa jawo liba mai launin ja zuwa baya ne ke sa ƙaramar giya, kuma sai an ja ta an mayar sannan ƙullin ɗorawa ke tashi. An kuma ja kunnen kowa kada ya bar fowil a kan kwalta, tunda waɗannan motoci ba su da abin da ke raba juyin gaba da na baya, ƙarfin sai ya taru ya karya shaf.

Game da ƙare-ƙaren zamani, mambobi uku sun cire kwantak ɗin da ke daidaita wutar fulogi sun sa na lantarki, ɗaya kuma ya maye dainamo da altaneta, wanda ya tilasta masa juya wayoyin batir domin motarsa ta kafin 1967 ce, lokacin da ake haɗa ɓangaren fozitif da bodi. Mutum biyu sun nemi ƙungiya ta taya su ɗora injin dizal na 200Tdi. Kwamiti bai hana ba, amma ya ce sai an fara ganin birki da sitiyari da shasi, domin giyabos da shaf na Series ba don irin wannan ƙarfin aka yi su ba. Ɗan littafin da na yi alkawarin rubutawa kan mayukan da suka dace, ciki har da dalilin zaɓar man giya irin GL-4 a giyabos saboda sassan tagulla da ke cikinsa, bai kammalu ba, lokacinsa ya tafi wajen bin kuɗin wata.

Akwai kayan aikin ƙungiya da suka fita ba su dawo ba: sifanar hob mai milimita 52 ta Land Rover, da mai 54 ta Land Cruiser, da sifanar auna ƙarfin ɗauri, da rabin saitin sifanu na Whitworth, tsohon ma'aunin Ingila, wanda ba a kwance tsohon giyabos sai da shi. Waɗanda suka are su suna cikin mutanen da ba mu gani ba a taro ko ɗaya, ba su zo ranar birki ba, amma su ne kan gaba wajen tambayar yaushe motar ƙungiya za ta tashi.

Zan gabatar wa babban taro buƙatu uku: a zaɓi ma'aji, domin ba zan ƙara haɗa aikin biyu ba, a daina ba da aron kayan aiki ga wanda bai biya kuɗin wata ba, sannan a yanke hukunci kan shasin, ko faci ko sabo. Ɗan uwan da ya ba mu wurin ajiye motar ƙungiya a gidansa ya sanar da ni cewa yana buƙatar filinsa nan da wata uku, kuma har yanzu bodin na gefe ɗaya, shasin na gefe ɗaya, a ƙarƙashin tamfol.

Sakataren ƙungiya