Abba, kafin ka sa hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiya da sanyin nan ya tayar, amma da sauƙi.

Ba daga bakinka na ji ba. Ummi ce ta yi suɓul da baka ranar suna, wai wani babban kamfanin ƙera makamai a can Amurka ya ɗauke ka aiki, binciken gwamnati kawai ake jira. Duk Juma'a muna waya, ka tambayi hawan jinina, ka tambayi kuɗin taki, wannan kuwa ka haɗiye shi. Shi ya sa na rubuto, don a waya ka iya kawar da zance.

Kada ka ɗauka bindiga nake tsoro. A masana'antar makamai ta Kakuri, wadda aka kafa tun 1964, na ƙarar da ƙarfina, da kuɗin harsashi na biya maka makaranta, kuma har gobe ban ga laifina ba. Wanda ya ga abin da aka yi wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ba zai ce ƙasa ta zauna hannu rabbana ba. Da jiragen yaƙi na Super Tucano 12 suka iso daga Amurka a 2021, ina cikin masu murna.

Na kuma san abin da ya ja ka. Gwamnatin da ke kashe sama da dala biliyan 800 a shekara kan soji ba ta barin masu yi mata ƙira da yunwa. Kamfanin ƙera makamai na Lockheed Martin kaɗai yana da ma'aikata fiye da 100,000, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na cinikinsa daga gwamnatin Amurka yake fitowa. Ga albashi a kan kari, ga inshorar lafiya a ƙasar da jinya ɗaya kan cinye gidan mutum, ga taimakon ƙaro karatu. Injiniya irinka, mai ɗanyen aure da jariri, ba zai ga haka ya kau da kai ba. Akwai jan ƙafar aikin, da takardu marasa iyaka, da ranar da majalisarsu za ta soke kwangila a sallami mutane, amma waɗannan ka fi ni saninsu.

Abin da kake ƙerawa fa, ba kai ke zaɓar kan wanda zai faɗa ba. A watan Agusta na 2018 an jefa bam kan motar 'yan makaranta a Dahyan, ƙasar Yaman, yara 40 suka mutu, kuma rahotanni sun nuna ƙirar Amurka ce da aka sayar wa Saudiyya. Nan Tudun Biri, a Disamban 2023, mutane suna Mauludi jirgi marar matuƙi ya kashe sama da 80 bisa kuskure. Wanda ya zana wayoyin cikin waɗannan abubuwa bai yi niyyar kashe yaro ba. Amma ya karɓi albashinsa a ƙarshen wata, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Hukuncin wannan a addini ka tambayi malamin da ya san aikin, ni ba zan yanke maka ba.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Na sa mijin Ummi ya ciro min takardar da ake cikewa kafin a ba mutum izinin ganin sirrin gwamnati, wadda suke kira SF-86. Shafi sama da 100. Ya karanta min ɓangaren dangi, na ce ya maimaita. Za ka rubuta sunana da na Hajiya, da inda muke kwana, da 'yan uwanka har da 'yan uba, da surukanka. Za ka faɗi duk wani baƙon ƙasa da kake da kusanci da shi a shekara 7 da suka wuce. Za ka faɗi ko kana da fili ko gida a waje, wato gonar Birnin Yero da na raba muku. Za ka faɗi ko kana ciyar da wanda ba ɗan Amurka ba, wato kuɗin maganin uwarka. Ɓoye abu ɗaya laifi ne da kan kai mutum ɗaurin shekara 5. Duk wannan don a auna ko za a iya bi ta kanmu a juya ka. Matar da ta goya ka ta shiga layin abubuwan da ake tsoro, Abba.

Kuma ba rana ɗaya ba ce. Duk tafiyar da za ka yi waje sai ka sanar da jami'in tsaron kamfanin kafin ka tashi, ga shi Kaduna tana cikin jihohin da Amurka ke gargaɗin 'yan ƙasarta kada su je. Ba wanda zai ce maka ka yanke zumunci, na sani. Kai ne da kanka za ka fara lissafi. Zuwa bikin ƙanwarka zai jawo tambayoyi, bari a aika kuɗi. Ɗan Gwaggo ya shiga soja, gara a rage waya da shi. Gonar nan tana kawo tsaiko a bincike, a sayar. Ɗanka zai girma bai san ƙofar gidan kakansa ba. Ran da aka ce maka jikina ya yi tsanani, kana can kana cike takardar sanarwa.

Ka ce ina zuzutawa? Ba ka fara aikin ba ma, ka riga ka koyi ɓoye wa ubanka magana. Ni na tsaya maka lokacin da Kawu ya ce kada a bar ka ka tafi, ni na ce ka karɓi takardar zama ɗan ƙasa don 'ya'yanka su huta. Ban yi haka don wata rana in zama abin da kake bayani a kansa gaban wani jami'i ba.

To, na faɗi abin da ke raina, kuma ban hana ka ba. Kai namiji ne mai iyali, ka fi ni sanin abin da ake biya na haya a can. Na ji waɗannan kamfanoni suna da sassan da ba su buƙatar wancan izini, irin na tauraron ɗan Adam na hasashen yanayi da na'urorin jiragen fasinja. Ka tambaye su ko akwai gurbi a nan. In babu, ka tambayi jami'in tsaron baki da baki: zuwa Kaduna sau ɗaya a shekara zai taɓa aikinka? Gonar za ta zauna da sunanka? Ka yi istihara, ka shawarci matarka, don ita ce za ta zauna da mijin da ba ya iya gaya mata yadda ya wuni.

Hajiya ba ta san na rubuto ba, kuma ba ta san zancen takardar ba. Kai za ka gaya mata da bakinka ranar Juma'a, bayan mun gama tamu maganar. Ka shafa min kan mai sunana. Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka.