Rahoton Ayyukan Shekarar Karatu ta 2024/2025 Zuwa ga Membobi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A madadin kwamitin zartarwa na ƙungiyarmu ta ɗalibai masu jin Hausa a wannan kwaleji ta shekara biyu da ke Bronx, a birnin New York na Amurka, ga bayanin abin da muka yi daga Agustan 2024 zuwa Mayun 2025.

Aikin farko shi ne tarbar sababbin zuwa daga Nijeriya, Nijar da Gana. Mun zauna da su mun warware musu ƙa'idojin bizar karatu ta F-1: kada darussan mutum su gaza kiredit 12 (ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka) a zango, aiki kuma a cikin makaranta kawai, awa 20 a mako idan ana karatu. Mun ja kunnensu kada kowa ya ajiye darasi ko ya bar ƙasar sai ya nuna takardarsa ta I-20, wato shaidar karatu da makaranta ke ba mai wannan biza, a ofishin ɗaliban ƙasashen waje.

Inda muka fi shan wuya shi ne shawo kan membobi su tsaya takarar majalisar ɗalibai. Amsar kullum ɗaya ce: "Karatu ya kawo ni, ni baƙo ne." To, baƙon nan yana biyan kuɗin harkokin ɗalibai kowane zango kamar kowa, kuma majalisar nan tana da baki wajen raba kuɗin ga ƙungiyoyi. Shekara da shekaru muna zubawa, wasu na rabawa. Bana wata 'yar'uwa da ke shirin karatun jinya ta daure ta tsaya. Mu muka manna mata takardu a bango, muka tsaya ƙofar ɗakin cin abinci muna roƙon ƙuri'a da Turancinmu na gida. Ta ci kujerar. A zamanta na uku ta gabatar da buƙatar ɗakin salla, ga shi yanzu mun daina shimfiɗa darduma a ƙarƙashin matakala.

Aikin sa-kai ya fi tsayawa a rumbun abinci na kwaleji, inda ɗalibin da aljihunsa ya bushe yake ɗaukar shinkafa da taliya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ranar tunawa da Martin Luther King, 20 ga Janairu, mun wuni can cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Wani ɗan Kumasi ya zauna a kan kwali yana karanta jikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu naman alade gefe. Tun ranar mai kula da rumbun ta ware kanta guda ta halal.

Azumi ya faɗo a watan Maris. Da aka tura agogo gaba ranar 9 ga wata, shan ruwa ya koma wajen ƙarfe bakwai, tsakiyar darussan yamma ke nan. Muka riƙa ƙulla dabino da ruwa a leda ana miƙa wa masu shiga aji. Buɗe-bakin gayya kuwa, wake da shinkafar 'yan Gana ce ta fara ƙarewa, dambun 'yan Nijar ya bi baya.

Wasu membobinmu sun shiga Phi Theta Kappa, ƙungiyar zaƙaƙuran ɗaliban kwalejojin shekara biyu da aka kafa a 1918. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, tunda tallafin karatu na gwamnatin tarayya ba ya hawa kan mai F-1, jami'o'i da dama kuma suna ware wa 'yan ƙungiyar ragin kuɗin makaranta idan sun zo ƙarasa digiri.

Sai abin da bai yi daɗi ba. Ranar cin abinci ɗaki ya cika, ranar taro sai 'yan kwamiti su zauna suna kallon juna. Shirin koya wa juna lissafi ma ya mutu tun mako na huɗu.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taron farko na Satumba, a nan za a yi zaɓe, domin shugaba da ni sakatare duk mun kammala. Wanda ya tafi da babbar kula ranar buɗe-baki, don Allah ya dawo da ita kafin nan.

Sakataren ƙungiya