Rahoton Kwamitin Gyaran Tsohuwar Majami'a

'Yan'uwa cikin Kristi, Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata da matasa, salama a gare ku. Aikin da kuka ɗora mana na gyaran tsohuwar majami'a ya kammala, ga bayanin yadda ya gudana.

Da muka zagaya ginin da farko, abin da muka tarar ya fi yoyon da kowa ke gani. Gara ta cinye katakon rufi har kafinta yana tura yatsa yana shigewa. Bangon gabas, wanda yake shan dukan ruwa da iska kowace damina, ya tsage daga taga zuwa ƙasa. Daɓen kuwa ya zama ramuka.

A nan kan kwamiti ya rabu. Wasu, galibi matasa, suka ce a rushe a ɗora sabon gini na bulo, kuma hujjarsu tana da ƙarfi: gyaran tsohon abu ba ya ƙarewa. Zama biyu muka yi ba mu daidaita ba, sai muka kai maganar gaban tsofaffinmu. Su ne suka tuna mana abin da ɗakin nan yake. Saƙon Adventist, wato ikilisiyarmu mai sujada ranar Asabar, ya shigo Najeriya a 1914, lokacin da David Babcock ya zo daga Saliyo ya sauka a Erunmu kusa da Ibadan. Mu a nan Arewa sai a farkon shekarun 1930 ya iso gare mu, da John Hyde da matarsa suka zauna a Jengre, wani gari a jihar Filato ta yanzu. Matar ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta hanyar wanke gyambo da ba da magani ne mutane suka fara matsowa, kafin ma su saurari wa'azi. Daga wannan ƙaramin ɗakin magani asibitin Jengre ya fito a 1947, a hannun ɗansu likita. Iyayenmu da suka je can suka koyo karatu, da suka dawo gida su suka fasa dutse suka kwaɓa ƙasa suka gina wannan ɗaki, babu wanda ya biya su. Ranar Asabar majami'a ne, sauran ranaku aji ne. Haka aikin ya tafi kusan ko'ina a Afirka, tun daga tashar mishan ta Solusi a ƙasar Zimbabuwe a 1894 zuwa ta Malamulo a Malawi a 1902: sujada da allo da magani a wuri guda. Wata tsohuwa a cikinmu ta nuna mana kusurwar da ta fara rubuta sunanta. Bayan wannan babu wanda ya sake ɗaga maganar rushewa.

Muka tsayar cewa dutsen iyayenmu zai tsaya a inda suka ajiye shi. An kware rufin gaba ɗaya, an sa sabon katako da aka jiƙa da baƙin mai saboda gara, an buga sabon kwano mai dogon baki don ya kare bango. Bangon gabas ne ya ci mana lokaci. Birkila ya sauke wurin da ya tsage dutse bayan dutse, ya ƙarfafa tushen da kankare, sannan ya mayar da duwatsun da siminti. An zuba linta da rodi a saman bango ta kewaye ginin. Ciki an yi filasta da fenti da sabon daɓe, waje kuwa mun bar dutsen a fili, an cike tsakaninsa kawai. A ganinmu wannan ne mafi kyawun abin da muka yanke.

Aikin ya wuce lokacin da muka ɗiba, kuma laifin lissafinmu ne. Birkilanmu Musulmi ne, yana tashi da hantsi ranar Juma'a don masallaci, mu kuma daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa faɗuwarta ran Asabar ba a ɗaga ko cebur. Bai taɓa yin ƙorafi ba, mu ma ba mu tsare shi ba. Lahadi ta zama ranar gayya: matasa suna ɗebo yashi daga rafi, matan Dokas, ƙungiyar taimako ta matan ikilisiya, suna kawo ruwa da abinci. Kuɗin siminti kuma ya tashi muna tsakiyar aiki, dole muka dakata har aka yi girbi.

Game da kuɗi, ba a taɓa zakka ba, domin a tsarin ikilisiyarmu ba ta gini ba ce. Baiko na musamman ne, da hatsin da manoma suka bayar aka sayar, da gudummawar 'ya'yanmu da ke Jos da Kaduna da Abuja. Kowane rasit yana wurin ma'aji, an kuma karanta lissafin a taron ikilisiya. Duk mai son dubawa ya same shi.

Abin da ya rage shi ne gilasan tagogin baya da bencina. Mun miƙa makullai ga babban dikon, kuma ajin yara na Makarantar Asabar zai koma ciki daga wannan makon.

Sakatare, a madadin kwamitin gyara