Rahoton Zumuntar Mata Katolika na Shekarar 2025: Idin Kristi Sarki da Sauran Ayyuka

Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu.

Fada mai kula da mu, Mama shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa mata na cikin gari da na ƙananan majami'unmu na ƙauye, ina gaishe ku da sunan Ubangiji. Wannan rahoton ofishin sakatariya ne. Lissafin shiga da fitar kuɗi yana hannun ma'aji, za ta karanta shi daban bayan na zauna, don haka duk mai tambaya a kan kuɗin anko ko na asusun marasa lafiya ta riƙe ta zuwa lokacin.

Shekarar 2025 shekarar Jubili ce, wato shekara mai tsarki ta Ikilisiya, wadda Paparoma Faransis ya buɗe a daren 24 ga Disamba 2024. Bai ga ƙarshenta ba. Allah ya kira shi ranar Litinin ta Ista, 21 ga Afrilu, kuma zumuntarmu ta nemi a yi masa Misa a makon. Allah ya ba shi hutu na har abada. Ranar 8 ga Mayu aka zaɓi Paparoma Liyo na 14, muna tsakiyar rosarin watan Maryamu.

Ayyukan da muka saba ba su tsaya ba: sharar coci ranar Asabar bisa jerin unguwanni, Hanyar Gicciye a Juma'o'in azumi, rosari gida-gida a Mayu da Oktoba, barkar haihuwa, gaisuwar mutuwa, da kai hatsi ga gwauraye bayan godiyar kaka. An ce zumunta a ƙafa take, kuma iyayenmu na ƙauye sun fi mu cika wannan. Sun zo jana'izar 'yan'uwanmu na gari da damina, hanya duk taɓo, a kan babur. Mu na gari ba mu rama musu yadda ya kamata ba, kuma na rubuta wannan a rahoto ne domin a gyara.

Babban aikin shekara

A taronmu na farkon shekara mun yanke cewa idin Kristi Sarki shi ne zai zama babban aikinmu, domin a 2025 ya cika shekara 100 da kafuwa. Shawarar ta biyo bayan wata tambaya da Fada ya yi mana: da zagayen gari na ranar idin ya kai inda ake tsayawa, kowa ya durƙusa a ƙasa, wa muke durƙusa wa? Wasu suka ce wa Fada, wasu suka ce wa gicciye, wasu suka yi shiru. Mata ne masu zuwa Misa kowace Lahadi, masu azumi, masu ba da baiko da zuciya ɗaya. Bangaskiya na nan, koyarwa ce ta yi ƙaranci. Saboda haka kwamiti ya tsayar da cewa bana koyarwa za ta riga ɗinkin anko.

Daga Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan taron zumunta na mako, katikis yakan zauna da mu, wani lokaci Fada da kansa. Ga abin da muka koya, na taƙaita shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Paparoma Piyus na 11 ne ya kafa idin, a wasiƙarsa mai suna Quas Primas ta 11 ga Disamba 1925. Shekara bakwai ke nan da gama Yaƙin Duniya na Farko. Sarautun Jamus, Rasha, Ostiriya da na Daular Usmaniyya duk sun faɗi, sababbin masu mulki suna tasowa, wasu suna cewa ba ruwan gwamnati da Allah, wasu suna neman a bi su kamar su ne Allah. Paparoma ya ce salama ba za ta zauna ba muddin mutane da ƙasashe sun kori Kristi daga al'amuransu. Da farko ana yin idin a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 1969 Paparoma Bulus na 6 ya mai da shi Lahadin ƙarshe ta shekarar Ikilisiya, mako ɗaya kafin a shiga lokacin jiran zuwan Ubangiji. Ba sabuwar koyarwa aka ƙirƙiro ba. Kowace Lahadi a cikin Shaidar Bangaskiya muna furta cewa mulkinsa ba shi da matuƙa.

Abin da ya fi ɗaukar mana lokaci shi ne irin sarautar. Mu mutanen da muka san fada ne, mun san kakaki da tambari da dogarai, mun san yadda ake zube gaisuwa. Amma Bisharar da Ikilisiya ta ba mu ranar idin bana daga Luka 23 take, kuma a can Sarkin yana rataye a kan gicciye, sojoji suna yi masa ba'a, an rubuta laifinsa a sama da kansa. Cikin dukan taron, wanda ya gane shi sarki ne ɗan fashi ne da ake kashewa tare da shi, wanda ya ce, "Yesu, ka tuna da ni sa'ad da ka shiga mulkinka." Wata uwa daga cikinmu, wadda ta binne ɗanta a shekarar, ta ce a zaman nan ne ta fara jin cewa Sarkin nan ya san abin da ke cikinta. A ganina wannan zama ɗaya ya biya wahalar shirin gaba ɗaya. Addu'ar da Fada yake rerawa kafin waƙar "Mai Tsarki, Mai Tsarki" ta lissafa abin da mulkin ya ƙunsa: gaskiya da rai, tsarki da alheri, adalci, ƙauna da salama. Babu ƙasa a ciki, babu haraji, babu soja. Yesu da kansa ya faɗa wa Bilatus cewa mulkinsa ba na duniyan nan ba ne.

Katikis ya kuma ba mu labarin Fada Migel Puro na ƙasar Meziko, wanda gwamnati ta harbe ranar 23 ga Nuwamba 1927 a lokacin da aka hana limaman Katolika aiki. Ya buɗe hannuwansa kamar gicciye, ya yi kirarin Kristi Sarki, sannan aka harbe shi. Idin bana ya faɗo daidai ranar 23 ga Nuwamba.

Wanda muke ɗauka a titi

Nan ne amsar tambayar Fada take. Zagayen gari da Sakramenti Mai Tsarki asalinsa na wani idi ne daban, idin Jiki da Jinin Kristi, wanda yake zuwa bayan Fentikos, a Mayu ko Yuni. A Nijeriya lokacin damina ne, shi ya sa ake yin Misar idin a lokacinta, a ɗage zagayen zuwa ranar Kristi Sarki, sa'ad da ruwa ya ɗauke. Yawancinmu mun girma muna ganin haka ba tare da sanin cewa idi biyu ne suka haɗu ba.

Ya kamata mu mata mu san cewa ta hannun mace idin Jiki da Jini ya fito. Wata sista ce mai suna Juliyana, a birnin Liyej na ƙasar Beljiyam ta yau, ta yi shekaru tana roƙon a keɓe rana domin girmama Sakramentin. Bishop na wurin ya amince a 1246, sannan Paparoma Urban na 4 ya ba da shi ga Ikilisiya duka a 1264. Waliyi Toma Akwinas ne ya tsara waƙoƙin idin, har da wadda muke rerawa da Latin a durƙushe kafin a sa mana albarka.

Koyarwar kuwa ita ce: sa'ad da Fada ya faɗi kalmomin Ubangiji a kan gurasa da ruwan inabi, ainihin gurasar ya zama Jikin Kristi, ainihin ruwan inabin ya zama Jininsa. Launi, ɗanɗano da kama ba su sauya ba, amma abin da yake wurin ba gurasa ba ce kuma. Majalisar Lateran ta 4, babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, ta furta wannan a 1215, Majalisar Tirent ta ƙara tabbatar da shi a 1551, cewa Kristi yana nan ɗungum, jiki da jini, rai da Allahntaka, da gaske, ba alama kawai ba. Mun karanta Yohanna 6 tare, inda ya ce namansa abinci ne na gaske, jininsa abin sha ne na gaske. Da almajirai da yawa suka ji maganar ta yi musu nauyi suka koma, bai kira su ya ce misali yake yi ba. Ya juya ga sha biyun ya tambaye su ko su ma za su tafi.

Saboda haka abin da Fada yake riƙe da shi a ƙarƙashin laima, cikin mazubin nan mai kama da hasken rana, hannuwansa lulluɓe da mayafi, Sarkin ne da kansa. Shi muke durƙusa wa. Daga wannan koyarwa ne dokokin da muka bi bana suka fito, ba daga son takura wa kowa ba: a je furta zunubi kafin ranar, a kiyaye azumin sa'a ɗaya kafin karɓar Jikin Ubangiji, kada a sayi gyaɗa ko ruwan leda a cikin layi, kada a juya wa Sakramenti baya don ɗaukar hoto da waya.

Ranar idin

Kwana biyu kafin idin, da asubahin Juma'a 21 ga Nuwamba, 'yan bindiga suka shiga makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja, cikin Diyosis na Kwantagora, suka kwashe ɗaruruwan yara da malamansu. Ranar Asabar muna wankin zannuwan bagade, babu mai iya waƙa. Wasu iyaye suka ce a fasa fita titi, a zagaya cikin harabar coci kawai. Ba tsoro marar dalili ba ne, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Fada da majalisar coci suka zauna da jami'an tsaro, aka taƙaita hanya, aka bar ƙananan yara a tsakiya, matasanmu suka tsare gefe da gefe. Aka fita.

Zumunta ta shirya wurin tsayawa biyu, kowanne da tebur, farin zane, kyandir da furanni. A na farko aka yi addu'a domin yaran Papiri da iyayensu, a na biyu domin masu mulkin ƙasa. Tulu da caki sun yi aiki, mun yi rawa kamar kowace shekara, amma da ƙararrawa ta kaɗa sai titi ya yi tsit, daga tsofaffi har 'yanmata gwiwa a ƙasa. Ban taɓa ganin layinmu da irin wannan natsuwa ba, kuma na tabbata koyarwar ce ta haifar da ita tare da nauyin da ke zuciyar kowa. Mun gode wa Allah da labarin sakin yaran ya iso kafin Kirsimati.

Godiya ta musamman ga maƙwabtanmu Musulmi na kan hanyar, waɗanda suka janye teburan sana'arsu don mu wuce, wasu har suka ajiye ruwan sha a ƙofar gida. Mama shugaba da dattawa sun koma washegari sun yi musu ban gajiya. Godiya ga mawaƙa, ga 'yan hidimar bagade, ga matasa, waɗanda ranar ma tasu ce tunda Paparoma Faransis ya mai da ranar matasa ta diyosis zuwa wannan idi daga 2021, da kuma 'yan'uwa da suka kwana a bakin murhu domin baƙin ƙauye su ci kafin su kama hanya.

Akwai abu biyu da ba su yi daɗi ba. Rigimar anko ta sake tasowa, har wata 'yar'uwa ta zauna a gida ranar idin domin ba ta iya sayen sabon zane ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Sarkin da aka raba tufafinsa da kuri'a ba zai kori kowa daga layinsa saboda zane ba, mu ma ba mu da wannan iko. Na biyu, tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fita ba su samu rabonsu ba sai bayan mako guda, saboda ba a tsara masu raka Fada gidajensu da wuri ba.

Shawarwarin kwamiti na 2026

Idin Kristi Sarki na gaba zai kama 22 ga Nuwamba 2026, kuma Bisharar ranar daga Matiyu 25 za ta fito, inda Sarki yake raba tumaki da awaki bisa ga wanda ya ciyar da mayunwaci, ya tufatar da huntu, ya ziyarci marar lafiya da ɗan kurkuku. Kwamiti yana roƙon taro ya amince cewa shirin idin ya haɗa da ziyarar gidan yari da asibitin gwamnati a cikin Oktoba, kowace unguwa ta kawo sabulu, hatsi da tufafi gwargwadon ƙarfinta. Ba za a fitar da sabon anko ba. Na bana ya isa, wadda ba ta da shi ta zo da farin ɗankwali. Koyarwar za ta koma ƙananan majami'u bi da bi, mu na gari mu ne za mu je. Za a kuma rubuta sunayen tsofaffi da marasa lafiya tun Satumba, domin a kai musu Jikin Ubangiji a ranar idin kanta.

Shugabannin unguwanni su miƙo wa sakatariya sunayen waɗanda za su shiga ziyarar gidan yari kafin Larabar Toka, 18 ga Fabrairu, saboda neman izinin shiga yana ɗaukar lokaci.

Sakatariya, a madadin kwamitin zartarwa